Lafiyarmu, Dajinmu da Namun Dajinmu: Abin da Gwamnatin Jiha Ta Tanada da Abin da Ya Rage Mana

Jawabin da aka gabatar a taron fastoci, dattawa da shugabannin zumunta na ikkilisiyoyinmu na karkara a jihar Bauchi

  Mun san waɗansunku sun baro gida tun da asuba, waɗansu kuma sun bar amfanin gona a masussuka domin su halarci wannan taro, saboda haka za mu yi ƙoƙari kada mu ja magana fiye da kima.

An ba mu mu yi magana a kan shirye-shiryen gwamnatin jiha game da lafiyar jama'a, kiyaye muhalli, da kuma kare namun daji. Sa'ad da muka zauna domin shirya wannan jawabi, wani dattijo a cikinmu ya ce, "To, ai magana uku ke nan. Wace za mu ɗauka, wace za mu bari?" Gaskiyarsa. In ka je Bauchi, za ka tarar ma'aikatar lafiya daban, hukumar muhalli daban, masu kula da gandun daji kuma daban, kowa da ofishinsa da motarsa. Amma a ƙauyukanmu waɗannan uku abu ɗaya ne. Bari mu nuna muku da abin da kowa a nan ya sani.

Kaka ta wuce, ciyawa ta bushe. Samari suka fita da karnuka da ashana, suka cinna wa daji wuta domin su kama gafiya da zomo da ɓeraye. Wutar ta cinye ciyawar jinka da ƙananan itatuwa, ta bar ƙasa tsirara yadda ruwan farko zai wanke ta. Naman dajin da ya saura ya ƙara nisa. Ɓerayen da suka tsira suka gudo cikin gari, suka shiga rumbu da madafa. Waɗanda aka kama kuma aka feɗe su da hannu. Bayan mako biyu sai zazzaɓi ya shigo gida. Tsinken ashana ɗaya ke nan ya taɓa ofisoshi uku.

Ba labarin nesa muke ba ku ba. A ɗaya daga cikin ikkilisiyoyinmu mun binne wani saurayi ɗan ƙungiyar mawaƙa. Kwana goma ana yi masa allurar taifot a wani kemis, jiki yana ƙara rikicewa. Kafin a kai shi Bauchi lokaci ya ƙure. Mahaifiyarsa da ta yi jinyarsa ita ma ta kwanta. Ta tashi, amma har yau kunnenta ɗaya ba ya ji. Da wani a cikinmu ya san abin da za mu faɗa yanzu, wataƙila da yaron yana cikin masu rera mana waƙa a yau.

1. Zazzaɓin Lassa

Wannan cuta tana da tarihi da ikkilisiya. A watan Janairu na 1969, a asibitin mishan da ke garin Lassa a jihar Borno ta yanzu, wata ma'aikaciyar jinya mai suna Laura Wine ta kamu da wani zazzaɓi da ba a san irinsa ba. Aka kai ta asibitin mishan na Jos, ta rasu a can. Charlotte Shaw, wadda ta yi jinyarta, ita ma ta kamu ta rasu. Ta uku, Penny Pinneo, aka kai ta Amurka, ta rayu, kuma daga jinin waɗannan mata ne masana suka gano ƙwayar cutar. A 1970 likitar asibitin na Jos, Dokta Jeanette Troup, ta yanke a hannu sa'ad da take binciken gawar wani da cutar ta kashe, ita ma ta rasu. Watau mutanen farko da aka rubuta sunansu a wannan cuta masu jinya ne. Har yau kuwa mai jinya shi ne na kusa da haɗari.

Wani irin ɓera ne mai nonuwa da yawa yake ɗauke da ƙwayar. Shi ba ta yi masa kome, amma tana cikin fitsarinsa da kashinsa. In ya bi ta kan hatsi, ko garin da aka shanya a bakin hanya, ko tuwon da aka kwana da shi ba a rufe ba, ya bar ta a wurin. Daga mutum zuwa mutum kuma tana bi ta jini, amai, fitsari da sauran ruwan jiki, har da na gawa. Tana iya ɗaukar kwana 21 kafin ta bayyana. Takan fara kamar zazzaɓin cizon sauro: zafin jiki, kasala, ciwon kai, ciwon maƙogwaro. Yawancin waɗanda suka kamu ba ta tsananta musu, amma in ta tsananta takan kai ga zubar jini da mutuwa, kuma ta fi muni ga mace mai tsohon ciki. A cikin waɗanda suka warke daga mai tsanani, da dama sukan sami matsalar ji. Lokacinta shi ne rani, daga wajen Disamba zuwa Afrilu, kuma a lissafin hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, Bauchi ta sha fitowa cikin jihohin da ta fi kamawa, tare da Ondo, Edo da Taraba.

Me aka tanada? Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido a kan cututtuka, wanda aikinsa ne ya zo in an ba da rahoto, a ɗebi jini, a kuma bi sawun waɗanda suka taɓa majinyaci har kwana 21. Akwai sashen jinyar masu wannan cuta a asibitin koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi. Akwai magani, amma amfaninsa ya fi yawa in an fara shi cikin kwana shida na farko. Ga kuma lambar waya ta kyauta ta hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, 6232. Duk wannan tanadi yana jiran abu ɗaya, watau wani ya ba da rahoto da wuri. Dokar da muke roƙo kowane gida ya riƙe ita ce: zazzaɓin da aka sha maganin cizon sauro kwana uku bai sauka ba, a bar kemis a tafi asibiti.

A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Mu mutane ne masu gaida marar lafiya, masu riƙe hannunsa a yi addu'a, masu wanke gawar ɗan'uwa da hannunmu. Wannan ƙauna ce, ba kuwa za mu bar ta ba. Amma in ma'aikatan lafiya sun ce ana zaton Lassa ce, sai mu tsaya daga nesa mu yi addu'a, mu bar su su shirya gawa, fasto ya yi hidimar jana'iza ba tare da an buɗe akwati ba. Iyali za su ji nauyin wannan, shi ya sa ya kamata su ji shi daga bakin fastonsu da dattawansu tun kafin ranar ta zo.

Game da ɓera kuma, Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. A zuba hatsi da gari a mazubi mai murfi, a rufe abincin kwana, a toshe ramuka, a nisanta juji daga ɗaki, a daina shanya a kan titi.

2. Asibitin mazaɓa da allurar rigakafi

Gwamnatin jiha tana da hukumar kula da lafiya a matakin farko, wadda ƙananan asibitocinmu suke ƙarƙashinta. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa wani asusu da ake zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, da nufin kowace mazaɓa ta sami asibiti ɗaya mai aiki, wanda ake aika wa kuɗi kai tsaye domin magani da gyare-gyare. Wani kaso na wannan kuɗi yana bi ta hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, wadda ake kira BASHCMA, domin a yi wa marasa ƙarfi rajista su riƙa samun magani ba da kuɗinsu ba: mata masu ciki, yara 'yan ƙasa da shekara 5, tsofaffi, naƙasassu da matalauta. Gurabun ba su isa kowa ba, kuma sau da yawa akan nemi lambar katin ɗan ƙasa. To, mu tambayi kanmu: gwauraye nawa ne da marayu a littafin ikkilisiyarmu suke da wannan lamba? In ranar rajista ta zo ba su da ita, wa za mu ɗora wa laifi? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kowace mazaɓa kuma ya kamata ta kasance da kwamitin ci gaban mazaɓa, wanda yake zama da shugaban asibiti, yana duba yadda ake kashe kuɗi. Kujerun wannan kwamiti na mutanen gari ne. A wurare da yawa babu ko mutum ɗaya namu a ciki, wani lokaci domin ba a gayyace mu ba, wani lokaci kuma domin an gayyace mu mun ce muna da taron zumunta. Duka biyu suna da gyara.

Allurar rigakafin yara kyauta ce. Ana yin ta ranar haihuwa, sai mako 6, mako 10, mako 14, wata 9, da wata 15. Tana kare yaro daga tarin fuka, shan inna, mashaƙo, tarin shiƙa, ciwon hanta, ƙyanda, sanƙarau da shawara. Yawancin iyayenmu mata suna farawa da kyau, sai su tsaya a tsakiya, musamman in damina ta faɗi aikin gona ya yi yawa. Ta wata 9 da ta wata 15 su ne aka fi mantawa. Tun Oktoba 2023 kuma aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar kariya daga sankarar bakin mahaifa, kuma Bauchi tana cikin jihohin da aka fara da su. Da damina, masu zagayawa gida-gida suna raba maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro ga yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, sau ɗaya a wata. Su ne suke ba da na ranar farko, uwa ce za ta ba da na kwana biyun da suka biyo baya.

Mun san akwai jita-jita. A lokacin korona mun ji iri-iri, har a ƙofar majami'a. Ga masu shakka muna da shaidu biyu da idonmu ya gani. Dattawan da ke nan sun san kurkunu, sun san yadda yakan kwantar da manomi a tsakiyar damina. A ƙidayar 1988 an sami fiye da mutum 650,000 masu kurkunu a Nijeriya. Aka bi ƙauye-ƙauye da ƙyallen tace ruwa da gyaran rijiyoyi, tsohon shugaban ƙasa Janar Yakubu Gowon ya yi ta zagayawa yana roƙon gwamnoni da sarakuna. Na ƙarshe da ya kamu a 2008 ne, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an rabu da shi. Jikokinmu ba su san shi ba sai a labari. Haka shan inna ta asali: an ga ta ƙarshe a jihar Borno a 2016, a watan Agusta na 2020 aka shelanta cewa Afirka ta rabu da ita. Har yanzu ana ɗiga wa yara maganin, domin akwai wani nau'in da yake ɓulla a inda yara da yawa ba su sami rigakafi ba.

Shaida ta uku mai ɗaci ce. A ƙarshen Agusta na 2019 zazzaɓin shawara ya ɓarke a ƙaramar hukumar Alkaleri, waɗansu ɗalibai daga jihar Borno da suka zo yawon buɗe ido Yankari suka kamu, aka rasa rayuka. Ƙwayar shawara tana zaune a jikin birai a daji, sauro ne yake ɗauko ta ya kawo wa mutum. Ba a iya yi wa birai allura, ba a kuma iya ƙarar da sauron daji, amma allura ɗaya tak tana kare mutum har ƙarshen ransa. Duk wanda gonarsa take bakin daji, ya tambayi kansa ko ya taɓa yin ta.

3. Ruwa, masai da itatuwa

A 2021 kwalara ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,500, kuma jiharmu tana sahun gaba a yawan waɗanda suka kamu. Hanyar kwalara ɗaya ce: bayan gidan wani ya shiga ruwan shan wani. Ba ta tambaya ko kai ɗan majami'a ne ko ɗan masallaci, gama rafi ɗaya muke sha.

Jiha tana da hukumar samar da ruwa da tsabta a karkara, RUWASSA, wadda ta yi aiki da ƙananan hukumomi domin kowane gida ya haƙa masai. Ƙaramar hukumar Dass tana cikin na farko-farko a duk Nijeriya da aka tabbatar sun daina bayan gida a fili, a 2022 kuma maƙwabciyarmu Jigawa ta zama jiha ta farko da ta kai wannan matsayi gaba ɗaya. Ba gwamnati ce ta haƙa wa mutanen Dass masai ba. Su suka haƙa, ma'aikata suka zo suka duba. Mu dubi harabar majami'unmu. Mukan tara mutum ɗari biyar a taron shekara na kwana uku, da masai ɗaya ko babu. Ina suke zuwa? Kafin mu sayi sabuwar amsa-kuwwa, a fara haƙa masai na maza da na mata, nesa da rijiya da aƙalla mita 30, da buta da sabulu ko toka a bakinsa.

In amai da gudawa ya kama mutum, abin da ke kashe shi ƙarewar ruwan jiki ne, wani lokaci cikin sa'o'i kaɗan. A fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun daga gida: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Yana sha ana tafiya asibiti.

Hukumar kare muhalli ta jiha, BASEPA, ita ce mai kula da kwashe shara da yashe magudanan ruwa, amma ƙarfinta ya fi yawa a birane. A karkara babbar damuwarmu itace ne. Kowa ya ga buhunan gawayi jere a bakin hanya. Kirya ta yi wuya, yanzu gatari ya koma kan kaɗanya da ɗorawa, itatuwan da iyayenmu ba sa sarewa ko da yunwa. Kaɗanya takan yi shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, daga nan ta yi ta ciyar da gida da mai har jikoki. Mai gawayi yana gama da ita a yini ɗaya, kuɗin kuma ya ƙare kafin kasuwa ta zagayo. Ba mu raina talaucin da ke sa mutum yin haka ba, gama 'ya'yanmu ne suke yi, da kuɗin kuma ake biyan makaranta, har baiko ana bayarwa daga ciki. Amma asarar a kan mata take sauka, su da ke yin man kaɗe da daddawa, su ne kuma suke ƙara nisa wajen neman itacen girki.

A Disamba 2021 Bankin Duniya ya amince da dalar Amurka miliyan 700 domin wani shiri mai suna ACReSAL, na farfaɗo da ƙasar da ta gaji, da tare zaizaya, da dashen itatuwa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Kowace jiha tana da ofishinta, Bauchi ma haka. Ku lura, wannan kuɗi bashi ne. 'Ya'yanmu suna cikin waɗanda za su biya, ko aikin ya iso ƙauyenmu ko bai iso ba. Saboda haka ba roƙo ba ne in mun rubuta muna neman dashe, ko muna nuna kwazazzabon da ya kusa cinye makarantar firamare. Irin waɗannan shirye-shirye sun fi sauraron ƙungiya mai rajista da shugabanni da littafin taro. Zumuntar Mata da ta matasa sun riga sun iya wannan tsari, abin da ya rage a yi rajista a ƙaramar hukuma.

4. Yankari da sauran namun daji

An keɓe dajin Yankari a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. A 1991 ya koma hannun Gwamnatin Tarayya, a 2006 kuma aka mayar wa jihar Bauchi. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne, kogin Gaji ya ratsa shi, a cikinsa ne kuma ruwan ɗumi na Wikki yake. Akwai kuma gandun Lame-Burra da na Sumu. Giwayen Yankari suna cikin garke mafi girma da ya rage a ƙasar nan. A ƙidayar 2006 sun haura 300, amma masu farautar haure suka yi musu ɓarna har suka koma wajen 100. A 2014 gwamnatin jiha ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar kare namun daji ta WCS domin ƙarfafa masu gadin daji, kisan giwaye kuwa ya ragu ƙwarai bayan haka. Waɗansu daga cikin masu gadin sun rasa rayukansu a hannun mafarauta. Su ma 'ya'yan wasu ne, da mata da yara.

Mun san abin da 'yan'uwanmu na kewayen daji za su ce, suna kuwa da gaskiya. Babbar giwa tana cin fiye da kilo 100 a yini. In garke ya shiga gonar dawa, aikin shekara ya tafi a dare ɗaya, kuma mai gona ba ya son a yi masa wa'azi a kan darajar giwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da aka yi a kan wannan shi ne, an ɗauki mutane daga ƙauyukan kewaye su zama masu lura da giwaye, suna sanar da masu gadi in sun fito domin a kora su, an kuma ɗaura wa waɗansu giwaye na'urar da ke nuna inda suke. Wannan bai share hawayen kowa ba. Shawararmu ita ce, in ɓarna ta faru a sanar nan take, a ɗauki hoto, a rubuta rana da girman gona, mai unguwa ya sa hannu, a kai kuka a ƙungiyance. Kada a sa guba, kada a ba mafarauci masauki. Doka ta hana farauta da kiwo da sare itace a cikin gandu, kuma mun sha zuwa belin samarinmu a kan naman da bai kai kuɗin motar zuwa kotu ba.

Me ya sa za mu damu da abin da ba mu kiwo? Ku dubi ungulu. Dā kowace mahauta cike take da su, yau yaro yana iya kai shekara goma bai ga ɗaya ba. Guba da masu sayen sassan jikinsu domin tsafi sun ƙarar da su, har a 2015 aka sa irin ungulun garuruwanmu cikin jerin halittun duniya da ke gab da ƙarewa. Ita ce take share mushe kafin ya ruɓe. Da ta tafi, mushe ya zama na ƙudaje da karnukan sake. A watan Yuli na 2023 an tabbatar da ciwon saifa a dabbobin wata gona a Suleja ta jihar Neja, ciwon da ke kama mutum in ya feɗe ko ya ci dabbar da ta faɗi ta mutu. Dabbar da ta mutu haka kawai, kada a feɗe, a kira malamin dabbobi.

Karnukanmu na farauta da na gadi kuma suna bukatar allurar haukan kare kowace shekara. Sashen kula da dabbobi na jiha yakan fito domin wannan, mu tambayi malamin dabbobi na yankinmu. In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a tafi asibiti a ranar, gama in alamun ciwon sun bayyana da wuya a tsira. Saran kububuwa ma haka yake, musamman lokacin girbi. Kada a tsaga, kada a tsotse, kada a ɗaure tam. A hana mutum tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa asibiti mai allurar dafi. Maƙwabciyarmu Gombe tana da asibiti na musamman domin wannan a Kaltungo.

5. Abin da ya rage mana

'Yan'uwa, ba mu zo yabon gwamnati ba. Mun san asibitin da ba ma'aikaci da dare, mun san famfon da ya lalace shekara biyu ba wanda ya leƙo. Mun kuma san yadda zuciya takan ce, "Waɗannan abubuwa ba domin irinmu aka yi su ba." Amma da harajinmu da sunanmu aka karɓo kuɗin. Wanda ya ja baya ya bar rabonsa ga wani, cuta kuma ba za ta bar shi domin ya yi fushi ba. Saboda haka muna kawo waɗannan shawarwari gaban taro:

Na ɗaya, kowace ikkilisiya ta naɗa mutum biyu, namiji da mace, su zama masu lura da sha'anin lafiya da muhalli. Su san shugaban asibitin mazaɓa, jami'in sa ido kan cututtuka, da malamin dabbobi, su riƙe lambobinsu.

Na biyu, dattawa su nemi sanin ranar zaman kwamitin ci gaban mazaɓa, su nemi kujera a ciki, wanda aka tura kuma ya riƙa kawo rahoto.

Na uku, Zumuntar Mata ta sa ranar duba katin rigakafin yara sau ɗaya cikin wata uku, a kuma taimaki gwauraye da tsofaffi su sami lambar katin ɗan ƙasa.

Na huɗu, kada a kira babban taro a inda ba a shirya masai da ruwan wanke hannu ba.

Na biyar, daga godiyar kaka har zuwa Ista, a riƙa yin sanarwa kowace Lahadi a kan ƙona daji, rufe abinci, da zazzaɓin da ya ƙi sauka. Shugabannin matasa su ɗauki wannan a matsayin aikinsu.

Na shida, kowace ikkilisiya ta dasa itatuwa a filinta da farkon damina, a raba wa 'yan Makarantar Lahadi su yi ta ban ruwa da rani. Itace ashirin da suka rayu sun fi ɗari biyar da aka ɗauki hotonsu aka tafi.

Na bakwai, in za mu kai kuka, mu rubuta, mu ajiye kwafi, mu tafi tare da mai unguwa da limamin gari da maƙwabtanmu Fulani da ke shayar da shanu a rafi ɗaya da mu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma takardar da gari duka ya sa wa hannu tana da wuyar jefawa ƙarƙashin tebur.

Muna roƙon sakataren taro ya rubuta waɗannan, domin a zama na gaba kowace ikkilisiya ta tashi ta faɗi wanda ta yi da wanda ya gagare ta, da dalili.

Rani yana bakin ƙofa. A cikin makonni kaɗan ciyawa za ta bushe, yaranmu za su fara neman ashana. Mahaifiyar saurayin nan da muka ambata ta san muna wannan magana a yau, ita ce ma ta ce mu faɗa, domin kada wata uwa ta zauna inda ta zauna. Mun isar da saƙonta.

Ubangiji ya ba mu hikima da ƙarfin aikatawa, ya kai kowa gidansa lafiya.